Silon Injin Istifanus

Ku samarin yanzu kuna ba ni mamaki. Mutum zai zo rumfata a Nasarawa da injin zarto a kafaɗa, waya a hannu, ya ce, "Baba Garba, ba wani abu ba ne, silo ne kawai. Na gani a bidiyo, sukuru uku ne, ka ɗan murɗa mini." Sukuru uku ne, ban musa ba. Suna nan a gefen kafireto: ɗaya na mai idan inji yana hutawa, ɗaya na mai idan an ba shi wuta, na ukun shi ke tokare totur kada ya rufe gaba ɗaya. Kowa ma zai iya murɗa su. Abin da bidiyon bai gaya muku ba shi ne, yawancin injin da silonsa ke hawa yana sauka, sukurun nan ba su da laifin komai.

Ga wanda bai sani ba, silo shi ne tafiyar inji lokacin da ka ɗauke yatsa daga totur. Mai lafiya zai zauna yana bugawa a hankali, sarƙarsa tsaye cik. Mara lafiya kuwa iri-iri ne. Wani ya mutu da zarar ka sake shi, wani ya yi ta hawa yana sauka kamar mai haki, wani kuma ya zabura shi kaɗai, sarƙa ta kama gudu ba wanda ya aike ta. A mota ko janareto wannan ɓacin rai ne kawai. A injin zarto zancen ƙafar mutum ake yi.

Ni da girmana na koyi sana'ar nan. A masaƙa nake aiki a Kakuri. Da aka rufe ta aka sallame mu, ga iyali a gida, sai na je na durƙusa wa wani mutumin Binuwai mai suna Oga Terna, da ke gyara kusa da 'yan katako a Sabon Tasha. Na girme shi nesa ba kusa ba, amma hakan bai dame shi ba ko kaɗan. Ranar farko na ɗauki sukudireba, ya fizge daga hannuna.

"Malam, wannan na ƙarshe ne. Zauna ka ji."

Sai ya tayar da inji, ya ajiye shi a gabana, ya tafi cin doya. Idan ya dawo ya tambaye ni abin da injin ya yi bayan tafiyarsa. Na ɗauka wulaƙanci ne, har na kusa komawa gida. A hankali kunnena ya buɗe. Na fara rarrabe injin da mai ya yi wa yawa, mai nauyin murya da hayaƙi, da wanda iska ta yi wa yawa, mai siririyar ƙara da rashin zama. Bayan nan ya koya mini abu na biyu. Zai ɗaga inji yana tafiya, ya kwantar da shi hagu, ya kwantar da shi dama, ya ɗaga bakinsa sama, ya kifa shi ƙasa, ko'ina ya tsaya ya saurara. Yakan ce, "Inji ba a kan tebur yake aiki ba." Har yau ban taɓa miƙa wa mutum injinsa ban juya shi haka ba.

Kayan aikina ba su cika jaka ba. Sifanar fulogi, siririn sukudireba, tsohon burushin haƙori, famfon keke, guntayen robar tub, da gwangwanin ruwan sabulu. Sauran aikin haƙuri ne da bin abu daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Ka fara shinshina man da ke cikin tanki. Ka duba matatar iska, ka duba fulogi, ka bi tiyon mai da yatsa. Sai duk waɗannan sun wanke kansu kake taɓa kafireto.

Na tuna wani inji da aka kawo mini daga wata majami'a, wanda makanikai biyu suka riga suka farke masa ciki. Idan ka tayar zai zauna lafiya, bayan ɗan lokaci ya fara hawa, ya yi ta hawa, sannan ya mutu. Na bar shi ya mutu a gabana, na buɗe murfin tanki, sai na ji ya ja iska, fus. Akwai ɗan ramin da tanki ke numfashi ta cikinsa. An ajiye injin a sito tun bara, zanzaro ya zo ya liƙe ramin da laka. Da tsinken tsintsiya na gyara shi. Dattijon da ya kawo shi bai ji daɗi ba, don ya fi son a ce masa babban abu ne.

Shekarar da ta fi kowace wuya a sana'ar nan ita ce shekarar da daji ya ƙi shiguwa. Masu satar mutane suka tare hanyoyi, masu yankan katako suka daina kwana a daji. Wasu suka sayar da injinansu suka kama tuƙin keke. Sauran suka dawo cikin gari suna bin gidaje, suna rage itatuwan mangwaro da malaina da turare da suka yi wa rufi barazana. To aikin daji da na gari ba ɗaya ba ne. A daji ƙafarka biyu a ƙasa, ka kayar da itace inda kake so. A gari ba filin kayarwa, ga kwano, ga waya, ga katangar maƙwabci. Dole ka hau, ka sauke shi reshe-reshe. Mutanen da ba su taɓa hawa ba suka koyi hawa da furfura a kansu, da manyan injinan da ba don hawa aka yi su ba. Kuma kusan dukansu sun daɗe da cire birkin sarƙa sun yar, wai yana tare musu hannu.

Istifanus yana cikinsu. Mutumin Filato ne, sa'ana, gajere mai faɗin ƙirji, ya yi rayuwarsa duka a daji da inji a hannu. Magana yake yi da ƙarfi kamar yana kiran wani a tsallaken rafi, amma duk masu zarto haka suke, ban sa abin a raina ba. Yadda yake aiki shi ne, ya hau da igiya a ƙugu, ya jawo injin sama, ya rataye shi a gefensa da gajeriyar igiya. Yana tafiya daga reshe zuwa reshe, injin yana lilo a jikin cinyarsa, kuma a kunne. Ba ya kashewa, don kafaɗarsa ta tsufa, jan igiyar babban inji a saman itace ba wasa ba ne. Ke nan tsakanin cinyar Istifanus da haƙoran sarƙa babu komai sai silo. Idan silo ya zauna, sarƙa tana tsaye. Idan ya zabura, shi ke nan.

Zuwansa na farko ya dire injin a gabana ya ce, "Malam Garba, wannan abu yana mutuwa a sama. Ka duba mini shi."

Na duba. Man 'yan bumburutu ya cinye tiyo har ya tsage, 'yar ledar cikin kafireto ta bushe kamar ganda. Na canza su, na saita silo, na juya shi ta kowane gefe, ya zauna. Ya ɗauka ya tafi.

Ba a yi mako ba ya dawo. Na ja igiya, injin ya tashi da gudu, sarƙa tana zagayawa ban taɓa totur ba. Na rage shi, na kwantar da shi dama, ya zauna. Na kwantar da shi hagu, sai ya ɗan haura. A raina na ce, na kama ka. Na toshe bakin salansa da na kafireto da robar tub, na hura iska da famfon keke ta ramin fulogi, na bi jikin injin da ruwan sabulu. Kumfa ta taso a bayan kuloci. Akwai wata 'yar roba a can da muke kira sil, wadda ke hana iska shiga ta ɓarauniyar hanya. Idan ta mutu iska ta fi mai yawa, inji ya riƙa zabura yana zafi, in an bar shi ya cinye fistin. Na sa sabuwa, na sake hurawa, babu kumfa ko ɗaya. Na miƙa masa ina cika baki, na ce wannan karon sai dai ya zo gaisuwa.

Ya dawo. Sarƙa tana gudu kamar ban taɓa ganin injin ba.

Akwai wata mai sayar da gwate a gefen rumfata, Maman Rifkatu, wadda bakinta ba ya ajiye magana. Tana zuba wa mutane abinci ta ɗaga murya ta ce, "Malam Garba, ko dai tsufa ya zo ne? Wannan inji ya fi ka zama a rumfan nan. Ka fara karɓan kuɗin haya."

Mutane suka yi dariya, ni ma na yi, amma raina ya ɓaci ƙwarai. Na kwance injin gaba ɗaya. Na sake hura iska, babu inda take fita. Na duba sifirin ɗin kuloci, don idan ya saki sarƙa takan yi gudu ko da silo yana daidai, na tarar da shi garau. Daga ƙarshe na sa sukudireba a kan sukuru na uku, sai na ji ya shige ciki fiye da inda na bar shi. Sukuru yakan kwance da kansa saboda girgiza, amma ban taɓa ganin wanda ya ɗaure kansa ba. Na mayar da shi, na ce wa Maman Rifkatu ta aro mini jan farcen 'yarta.

"Kai kuma? A wannan shekarun naka?"

Na ɗiga kaɗan a kan sukurun, ya bushe, ban gaya wa Istifanus ba.

Da ya sake dawowa, jan farcen ya tsage gida biyu. Yana tsugune yana kwance igiyar da ya ɗaure injin a bayan mashin ɗinsa, ya ba ni baya. Na ce, "Istifanus, wa ke taɓa sukurun nan?" Bai juyo ba. Na ƙara murya na kira sunansa. Maman Rifkatu da ke can gefe ta ɗago kai, wani mai keke a bakin titi ma ya waiwayo. Istifanus ko gezau. Sai a lokacin na tuna cewa duk zuwansa, idan ina magana, bakina yake kallo.

Na zagaya gabansa, na ja shi bayan rumfa inda ba kowa, na nuna masa sukurun.

"Ni ne," ya ce. "Yadda kake barin shi ya cika sanyi. In ina sama, sai na ji yana dukan cinyata kafin in san yana da rai."

"To kunnenka fa?"

"Kunnena lafiya lau. Hayaniyan gari ne ya yi yawa. A daji ba haka ba ne."

"Istifanus, sarƙa tana gudu a jikin cinyarka."

"Na sani. Na fi ka sani. Amma ka duba, in na kai bakin reshe, hannu ɗaya a itace, na ɗaga inji na tarar ya mutu, a ina zan tsaya in ja igiya? Dole in sani tun ina wurin da ƙafana ya zauna." Sannan ya ce, "Abu kaɗan ne, Malam Garba. Abeg, kar ka faɗa ma kowa. In mutane suka ji Istifanus ba ya ji, wa zai kira ni?"

Gaskiya ya faɗa. Injin nasa ne, ba ni da ikon riƙewa. In na saita daidai, zai murɗa da zarar ya sha kwana. In na kore shi, zai je wurin wani ya ƙara masa wuta ya karɓi kuɗinsa. Na tambaye shi ina ne aikinsa na gaba. Ya ce Kamazou, gidan wata nas da ta yi ritaya. Wani dogon itacen turare ya karkato kan rufinta, ga damina ta kankama, kowace iska sai matar ta kwashe jikokinta zuwa falo.

Na ce, "Tare za mu je."

Washegari da safe na rufe rumfa na hau bayan mashin ɗinsa, injin a kan cinyata. Da muka isa na ce wa matar gidan, wadda kowa ke kira Madam, na zo riƙe igiya ne. Na saita silo yadda ya kamata, na juya injin ta kowane gefe. Sannan na miƙa wa Istifanus hannu. Ya dube ni, ya dubi hannun, ya yi tsaki, ya zaro ɗan sukudireba daga aljihu ya ba ni.

Na tsaya a gabansa yadda zai ga bakina na ce, "Ni ne kunnenka yau. In ka dubo ƙasa ka ga hulata a kaina, inji yana da rai. In ka ga na cire ta, ya mutu, ka nemi wurin tsayawa."

"Hula," ya ce, yana dariya. "To Allah ya sa kar iska ya ɗauke."

Ku da kuke ganin abin wasa ne, da ma kun ga mutumin nan a sama. Ban taɓa ganin wanda ya san itace kamarsa ba. Zai dubi reshe, ya ɗaure shi, ya ɗan yanka ta ƙasa, ya gama ta sama, reshen ya sauko a hankali tsakanin kwano da wayar wuta, ko ganye bai taɓa rufin ba. Duk sanda ya saki injin ya rataye shi, sai ya leƙo. Ni kuma ina ƙasa, igiya a hannu, na kasa kunne. Sau ɗaya mai ya ƙare injin ya yi shiru, na cire hula. Ya gyaɗa kai, ya koma inda reshe ya rabu biyu ya zauna daram, na aika masa da mai a gora, ya tayar.

An yi ruwa da asuba, jikin turare kuma santsi gare shi ko ba ruwa. Wajen hantsi yana ƙoƙarin zagayawa ɗaya gefen, ƙafarsa ta zame. Ya rungumi itacen da hannu biyu. Injin ya yi lilo ya dawo da ƙarfi, bakinsa ya shige tsakanin cinyarsa da reshe ya maƙale, nauyinsa duka a kan sarƙar. Madam ta ƙwalla ihu ta kira sunan Yesu. Ni ko salati ban iya yi ba, kunnena kawai ke aiki. Injin yana bugawa a hankali, bai haura ba, sarƙa tana tsaye. Na ji tsoro a ranar irin wanda ban taɓa ji ba, don na san inda sukurun yake jiya. Istifanus ya ɗaga jikinsa, ya zare injin, ya dubi wandonsa da haƙora suka yage, ya leƙo ƙasa ya ga hula a kaina, ya ci gaba da aiki.

Da rana ta take ya sauke duk abin da ke kan rufin. Saura babban reshe ɗaya ta bayan gida, ya ce sai ya huta. Ya fara zuro injin da igiya, na karɓa, na kashe, na ajiye shi a gindin katanga. Sannan ya sauko da kansa, jiƙe da gumi, da ɗan jini a cinya inda haƙora suka karce shi. Maƙwabta sun taru suna yi masa sannu. Madam ta kawo ruwan sanyi da auduga, tana yi masa faɗa irin na nas-nas.

Ya shanye kofi ɗaya, ya ba katanga baya, ya dafa kafaɗata. Da babbar muryar nan tasa ya ce, "Madam, kin ga wannan mutum? Babu makanike kaman shi a Kaduna. Ji yadda inji ya zauna. Ki ji dai! Ko sabo ba ya tafiya haka."

Injin kuwa a kashe yake. Madam ta dubi injin, ta dube ni. Wata mata ta sunkuyar da kai.

Istifanus ya bi fuskokinmu da kallo. Ya juya a hankali, ya je gindin katanga ya tsuguna, ya ɗora tafin hannunsa a kan injin. Ya daɗe a haka. Da ya taso ya matso kusa da ni, kuma ranar ce na fara jin ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Tun yaushe?"

Na sa fuskata daidai tasa na ce, "Tun kafin ka sauko."

"Amma ina jin shi, Malam Garba. Har yanzu ina jin shi."

Tausayinsa ya kama ni har na kasa haɗa ido da shi. Ya ɗaga kai ya dubi reshen da ya rage, ya daɗe yana kallo. Sannan ya kwance igiyar ƙugunsa, ya naɗe ta a gwiwar hannu tsaf, ya ɗora mini a hannu.

"Ka nemo mini mai kunne ya hau," ya ce. "Ni zan tsaya a ƙasa in nuna mishi inda zai yanka."